Yadda Za Ka Jagoranci Nazarin Littafin Obadiya: Hukuncin Allah a Kan Edom

Littafin Obadiya babi guda ne, aya 21 kacal, shi ne mafi gajarta a Tsohon Alkawari. Mutum zai karanta shi ya gama kafin shayin farko ya tafasa. Amma a shekarun da na yi ina jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki a gidajen ƴan'uwa a nan Tawa, ban ga littafin da yake saurin kuɓuce wa mai jagora kamarsa ba. Maganarsa a kan al'umma ce mai girman kai wadda Allah ya ce zai saukar ƙasa, kuma kowannenmu yana da wata al'umma a zuci da yake so ya ga an saukar. Da an buɗe littafin, sai kowa ya shiga laluben wadda zai laƙa wa sunan Edom. In ba ka shirya ba, za a tashi taro mutane sun fi yadda suka zo jin kansu, alhali jin kai ɗin nan shi ne ciwon da annabin ya zo ya tona. Ga yadda nake bi da shi a zama guda na awa ɗaya da rabi, da mutum goma zuwa goma sha biyar.

Shirin kanka, kwana uku kafin taro

Ka karanta littafin kai kaɗai sau uku, da murya, ba a zuci ba. Sannan ka ɗauki kaye da bik ka bi waɗannan wurare kana rubuta abin da ka gani: Farawa 25:19-34 da sura 27, Littafin Ƙidaya 20:14-21, Maimaitawar Shari'a 23:7, 2 Sarakuna 25, Zabura 137:7, da Irmiya 49:7-22. Na ƙarshen zai ba ka mamaki, domin wasu ayoyinsa kusan kalma da kalma suke da farkon Obadiya. Ba duka za ka karanta wa jama'a ba. Kai ne kake bukatar su a kanka, don kada tambaya ta same ka hannu rabbana.

Ka tuna littattafan da za a zo da su ba iri ɗaya ba ne. Dattawa suna riƙe da tsohuwar fassara, inda za ka ga Kubawar Shari'a da Misalai a madadin Maimaitawar Shari'a da Karin Magana. Ƴan lakwal kuma sukan zo da na Faransanci, a can sunan littafin Abdias. Tun da fari ka gaya wa kowa yana tsakanin Amos da Yunana, in ba haka ba minti biyar za su tafi a banza wajen buɗe shafi. Ka tanadi fitila ko da akwai wuta, ka nemi allo ƙarami da alli, ko babbar takarda, domin akwai abin da dole a rubuta kowa ya gani.

Fara da tagwayen, kada ka fara da hukunci

Bayan addu'a, ka ba minti goma ga labarin gida. Edom zuriyar Isuwa ce, Isra'ila zuriyar Yakubu, su biyun tagwaye ne, ƴaƴan Ishaku da Rifkatu. Ba ma ƴan uba ba ne da za a ce kishin ɗaki ne ya raba su, ciki ɗaya suka kwanta. Isuwa ya sayar da matsayinsa na ɗan fari a kan jar miya, daga nan aka yi masa laƙabi da Edom, wato ja. Yakubu kuma ya rufe hannuwansa da fatar ɗan akuya ya yaudari ubansu makaho, ya karɓe albarka. Bayan shekaru sun haɗu, Isuwa ya ruga ya rungume shi, suka yi kuka tare. Iyayen sun shirya, jikokin ne suka ɗauki gabar suka raine ta.

Ka kawo labarin Littafin Ƙidaya 20, domin mutanen Adar suna gane shi nan take. Musa ya aika wa sarkin Edom saƙo da sunan ɗan'uwansa Isra'ila, yana roƙon hanya: ba za mu shiga gona ba, ba za mu sha ruwan rijiya ba, babbar hanyar sarki kawai za mu bi, in ma dabbobinmu sun sha ruwa za mu biya. Duk wanda ya taɓa ganin makiyayi yana neman burtali da mashaya ya san nauyin wannan roƙo. Edom ya fito da mayaƙa ya tare hanya. Duk da haka Shari'a ta ce wa Isra'ila kada ta ƙyamaci Ba'edome, gama ɗan'uwanta ne.

A nan akwai abin da masu jagora da yawa suke tsallakewa, ni kuwa ina ganin tsallake shi rashin gaskiya ne. Edom ma an cuce ta. Dawuda ya ci ƙasar da yaƙi, Yowab shugaban sojojinsa ya yi wata shida a can yana karkashe maza, kamar yadda 1 Sarakuna 11:15-16 ya faɗa. Daga baya mutanen sarki Amaziya suka jefo kamammu dubu goma daga kan dutse, yana cikin 2 Tarihi 25:12. Ke nan ranar da Urushalima ta faɗi, Ba'edome yana da hujjar da zai ce “ai su ma sun yi mana”. Ka bar wannan ya zauna a zuciyar jama'a, za ka bukace shi can gaba.

Sai ka faɗi ranar kanta a taƙaice. A shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, sojojin Nebukadnezzar na Babila suka fasa garun Urushalima, suka ƙone Haikali, suka kwashi mutane bauta. Obadiya bai ambaci sunan ubansa ko na wani sarki ba, shi ya sa wasu masana suke mai da littafin baya zuwa zamanin sarki Yehoram, amma mafi yawa suna ɗaura shi a kan wannan faɗuwa, kuma Zabura 137:7 tana tuna yadda Edomawa suka yi ta ihu a rushe birnin har tushe. Sunan annabin ma'anarsa bawan Ubangiji.

Karatu

Mutum ɗaya mai kyan murya ya karanta littafin duka ba tsayawa, saura su rufe nasu su saurara. Kada ka raba shi aya-aya a zagaye, waƙar annabci ce, in aka yanyanka ta zafinta yakan tafi. Akwai kuma iyayenmu mata da ba su yi karatu ba, amma kunnensu ya fi idon da yawa daga cikinmu kama magana. Da an gama ka yi tambaya guda: wace kalma ce ta tsaya maka a rai? Ka rubuta amsoshin a allo, kada ka gyara wa kowa tukuna.

Aya 1 zuwa 9: abin da Edom ta dogara a kai

Ƙasar Edom tana kudu maso gabashin Tekun Gishiri, a kudancin Jodan ta yau, tsaunuka ne na jan dutse masu tsayi da kwazazzabai masu ƙunci. Babban birninta Bozra, akwai Teman, akwai kuma kagarar Sela, wadda sunanta ma dutse yake nufi. In kana so su gani da idon zuci, ka ce su tuna duwatsun wajen Keita da Buza, sannan su ninka tsayin, su ɗora gari a bisa wanda hanyar hawansa ɗaya ce. Mutum kaɗan sun isa su tsare shi. Shi ya sa aya ta 3 ta ce Edom tana cewa a ranta, wa zai iya saukar da ni ƙasa? Allah kuwa ya amsa cewa ko ta yi sama kamar gaggafa, ko ta kafa sheƙarta cikin taurari, daga can zai sauko da ita.

Gargaɗi ɗaya: wani zai ciro salula ya nuna hoton Petra da gine-ginenta da aka sassaƙa a jikin dutse, ya ce ga birnin Edom. Yankin dai nasu ne a da, amma waɗannan gine-gine aikin Nabatiyawa ne, Larabawan da suka gaje ƙasar daga baya. A kalli hoton don a ga yanayin dutsen, kada a ce Edomawan zamanin Obadiya ne suka sassaƙa.

Yanzu ka sa jama'a su tono da kansu abubuwan da Edom ta jingina da su. Za su samo dutse a aya 3, dukiyar da aka ɓoye a aya 6, abokan alkawari a aya 7, masu hikima a aya 8, jarumawa a aya 9. Kowanne yana da tushe. Hanyar fatake daga Bahar Maliya zuwa Dimashƙu ta cikin ƙasarsu ta ratsa, ana haƙar tagulla a kwarin Araba, Teman kuma ta yi suna da hikima, har Elifaz abokin Ayuba mutumin can ne. Ba ɗaya a cikin waɗannan da yake zunubi. Dutse Allah ya halitta, hikima kyauta ce. Ayar ba ta ce maƙiyi ne ya yaudari Edom ba, ta ce girman kan zuciyarta ne ya ruɗe ta. Ka tsaya a kan wannan kalma ta ruɗi, ka tambaya: mutumin da aka ruɗa, ya san an ruɗe shi?

Aya ta 5 kuma manoma ne za su fassara maka ita. Ɓarawon dare yakan ɗauki abin da ya ishe shi ya tafi, masu girbin inabi sukan bar kala. Ka tambayi wata uwa abin da ake samu in an shiga gona kala bayan an ɗaure damman hatsi. Annabin yana cewa Edom ko kala ba za a bar mata ba.

Aya 10 zuwa 14: nan za ka daɗe

Rabin lokacinka a nan ya kamata ya tafi. Girman kai abu ne na cikin zuciya, ba a ganinsa, kowa yana iya rantsuwa ba shi da shi. Waɗannan ayoyi biyar su ne suke nuna kamanninsa in ya fito fili, kuma ranar wahalar ɗan'uwa yake fitowa. A Ibrananci kalmar rana ta zo sau 10 daga aya 11 zuwa 14: ranar masifarsa, ranar hallakarsu, ranar wahala. Ka sa su ƙirga a nasu littafin.

Ka zana tsani a allo, jama'a su cika matakan daga ƙasa zuwa sama da abin da suka gani a nassin. Na farko yana aya 11: Edom ta tsaya gefe, sa'ad da baƙi suke kwashe dukiya suna jefa ƙuri'a a kan Urushalima. Daga aya 12 zuwa 14 akwai “kada ka” har sau takwas, abin yana hawa: kallo, murna, cika baki, shiga ƙofar birnin, sake ƙare wa wahalarsu kallo daga kusa, miƙa hannu ga kayansu, tsayawa a mararraba don tare masu gudu, sai miƙa waɗanda suka tsira a hannun maƙiyi. Da tsanin ya cika, ka nuna matakin ƙasa ka karanta ƙarshen aya 11 a hankali. Tun Edom tana tsaye gefe, ba ta taɓa kowa ba, Allah ya riga ya ce ta zama kamar ɗaya daga cikinsu.

A wannan wuri ɗakin yakan yi tsit, kada ka yi gaggawar cika shirun. Wata Laraba da muka kai nan, wani dattijo da ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota ya gyara zama ya ce mini, “Malam, ni na ga wannan tsani da idona.” Ya ba mu labarin wata motar kaya da ta kife a hanyar Ƙonni. Kafin ya tsaya ya sauko, mutane sun kewaye ta. Wasu sun harɗe hannu suna kallo, samari sun ɗaga salula suna ɗauka, wani yana cewa direbobin nan ai gudu ya yi musu yawa, Allah ya ƙara. Da buhu ɗaya ya fashe, sai aka fara ɗiba da kwano, can kuma aka koma ɗaukar buhu sukutum. Yaron motar yana kwance a gefen kwalta ƙafarsa a karye, yana roƙon ruwa. Dattijon ya ce, “Ba wanda ya fito daga gida da niyyar sata. Da kallo aka fara.” Na tambaye shi, “Baba, kai fa?” Ya sunkuyar da kai ya ce ya ba yaron ruwa, amma ya yi sauri ya tafi kafin jandarmomi su zo, don kada a riƙe shi shaida.

Irin wannan amsa kake nema, kuma ba ta zuwa in tambayarka ta yi faɗi. Kada ka ce, mene ne girman kai? Ka ce: yaushe rabonka da jin daɗi a ɓoye da ka ji wani ya faɗi? Shagon wa ya rufe ka ce dama na faɗa? Ƴar gidan wa ta yi cikin shege ka zama kai ne mai kai labari? Wace ikilisiya ce ta rabu biyu muka yi ta zancenta da murmushi? Ka fara amsawa da kanka kafin ka nemi ta wani. Sannan ka kawo aya 14 kusa da gida. A jiharmu akwai mutanen da suka baro garuruwansu saboda ƴan bindiga, tun ma kafin harin yankin Tilliya na watan Maris 2021 da hukuma ta ce ya ci rai 137. Wanda ya ninka wa ɗan gudun hijira kuɗin haya don ya ga ba shi da zaɓi, ko ya sayi akuyarsa rabin kuɗi, a wane matakin tsanin yake?

Yanzu ka dawo da abin da ka ajiye. Edom tana da tsohon ciwo na gaske, amma ko sau ɗaya littafin bai karɓi wannan a matsayin uzuri ba. Karin Magana 24:17 ta hana murna ko da maƙiyi ne ya faɗi, balle ɗan'uwa.

Tambayar da ba makawa za ta zo

Wani saurayi zai ɗaga hannu ya ce, “To Malam, wace ƙasa ce Edom a yau?” Kafin ka buɗe baki wani ya ce Faransa, wani Amurka, wani ya tuna rufe iyaka da yanke wuta na 2023 ya kira maƙwabta. Wanda yake Yamai ko Damagaram a watan Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u, wataƙila ba zai yi magana ba, amma fuskokin da ya gani suna kallo suna nan a ransa. Kada ka tsawata wa kowa, ciwon na gaske ne. Ka ce musu gaskiya ne Allah yana shari'anta al'ummai, ba ƙasar da ƙarfinta ya kai ta fi hannunsa, kuma wanda aka zalunta yana da iko ya kai kukansa gare shi, Zabura cike take da irin wannan kuka. Amma Obadiya wahayi aka ba shi a kan Edom, mu ba a ba mu wahayi a kan kowa ba. In muka laƙa wa wata ƙasa ko ƙabila ko addini sunan Edom muka zauna jiran faɗuwarsu da murna, mun hau mataki na uku na tsanin da muka zana da hannunmu. Ka nuna allon. Yawanci ba sai ka ƙara komai ba.

Ina roƙonka kada ka bar zaman ya koma fada ta siyasa. Minti biyar sun isa, ka mai da su ga aya 15.

Aya 15 zuwa 21, da abin da ya faru da Edom

Bayan an ambaci ranar wahalar Yahuda sau goma, sai ga rana ta daban: ranar Ubangiji ta yi kusa a kan dukan al'ummai. Dukansu, ba Edom kaɗai ba. Yadda ka yi haka za a yi maka, aikinka zai komo a kanka. Bahaushe ya riga ya san wannan, shi ya ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Bambancin shi ne a nan ba sa'a ba ce ko juyin zamani, akwai Mai shari'a da yake riƙe da ma'auni.

Ka ba su tarihin a gajarce. A tsakiyar ƙarni na 6 kafin Almasihu, shekara talatin da ƴan kai bayan faɗuwar Urushalima, Nabonidus sarkin Babila na ƙarshe ya kai yaƙi yankin Edom, har yau akwai siffarsa da aka sassaƙa a jikin dutsen Sila a kudancin Jodan. Babilar da Edom ta yi wa tafi ita ce ta juyo kanta, ka sa su sake duba aya 7, inda aka ce masu cin abinci tare da ita su ne za su ɗana mata tarko. Zuwa ƙarni na 4 Nabatiyawa sun mamaye ƙasar, Edomawa suka koma kudancin Yahuda, wurin da aka riƙa kira Idumiya. A ƙarshen ƙarni na 2 kafin Almasihu, Yohanna Hirkanus shugaban Yahudawa ya ci su da yaƙi ya shigar da su cikin Yahudawa. Hirudus, wanda ya sa aka kashe jariran Baitalami, ɗan Ba'idume ne.

Kada ka tsaya a kan Hirudus. Ka sa wani ya buɗe Markus 3:8. A cikin taron da ya bi Yesu zuwa bakin teku saboda sun ji abubuwan da yake yi, an ambaci mutanen Idumiya. Jikokin Isuwa sun yi tafiyar kwanaki a ƙasa don su gan shi, ba a kore su ba. Duk lokacin da muka karanta wannan aya bayan Obadiya, sai na ga fuskoki sun sake. Aya 17 ta ce a Dutsen Sihiyona za a sami tsira, aya 19 da 20 suna lissafa yankunan da kamammu za su koma su gāda, a nan kada ka ɓata lokaci kan sunayen wurare. Ka wuce kai tsaye zuwa kalmomin ƙarshe na littafin, inda aka ce mulki zai zama na Ubangiji. Ba a ce na Yakubu ba.

Addu'a da aikin mako

Ka bar minti goma sha biyar. A fara da shiru, kowa ya dubi tsanin ya sami matakin da yake tsaye, ya faɗa wa Allah shi kaɗai. Kada ka tilasta wa kowa tuba a bainar jama'a, musamman in akwai suruki da surukarsa ko maigida da yaronsa a wurin. Bayan haka mutum biyu ko uku su yi addu'a da murya: ɗaya domin waɗanda suke cikin ranar wahalarsu yanzu, ɗaya domin shugabannin ƙasarmu da na maƙwabta, ɗaya kuma domin mutanen da aka kira sunansu ɗazu da fushi. Wannan ta ukun ka ba wanda ya fi kowa zafi a muhawarar, in ya yarda.

Sannan kowa ya zaɓi mutum guda da ya san yana cikin wahala, wanda ya daɗe yana kallonsa daga nesa, ya taka ya je gidansa kafin Laraba mai zuwa, Kirista ne ko Musulmi. Ba saƙon waya ba, zumunta a ƙafa take. In akwai tiyar hatsi ko jika guda a riƙa, in babu a je da gaisuwa a zauna. Ka rubuta a kayenka cewa da wannan za ka buɗe zama na gaba, ka tambayi yadda ziyarar ta kasance, domin in ba a tambaya ba, mako biyu ya isa a manta.

Kafin a naɗe tabarmi ka ba da karatun gida: littafin Yunana, yana shafi na gaba, babi huɗu, aya 48. Ka ce su lura da babi na 4, inda annabin ya fita gabashin Nineba ya kafa bukka ya zauna a inuwa yana jiran ya ga abin da zai sami birnin. Kada a goge allon, a zo da shi yadda yake.